Tsohon da Ya Ƙi Asuwaki: A Tilasta Masa ko A Ƙyale Shi?

Daga Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai gidajen da ake jinyar tsoho mai gigin tsufa, wanda in an nufo bakinsa da asuwaki sai ya datse haƙora, ya ture hannun ɗansa. Shin a danne shi domin lafiyarsa, ko a bar shi domin biyayya?

Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har saninsa ya gushe. Likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana irin wannan cuta a 1906: ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, ba taurin kai ba ne. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, asuwaki kuwa a mazhabar Malikiyya mustahabbi ne. Saboda haka babu laifi a kansa. Nauyin ya koma kan 'ya'yansa.

Ƙyale shi cutarwa ce, domin dattin baki yakan kumbura dasashi, ya hana cin abinci, ƙwayoyin cuta kuma su gangara huhu. Danne shi ma cutarwa ce, ga shi Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana ko da tsawa ga iyaye.

Mafita tana cikin abin da Buhari ya ruwaito game da jinyar ƙarshe ta Annabi (SAW). Nana A'isha ta ga yana duban asuwaki, ta tambaye shi, ya yi nuni da kai, sa'an nan ta tausasa masa shi. Tambaya ta riga aiki, tausasawa ta riga miƙawa.

Don haka mai jinya ya zauna gefen tsoho, kada ya tsaya a kansa. Ya zaɓi lokacin alwala, ya sa masa asuwaki mai laushi a hannu, ya yi nasa a gabansa, domin sau da yawa hannu yakan tuna abin da kai ya manta. In ya ƙi, a dakata, a sake gwadawa an jima. In ƙin ya yawaita, a kai shi asibiti, watakila haƙori ne ke ciwo ya kasa faɗa.

Allah ya saka wa masu jinya da alheri, amin.