Zaɓin seri a lise da haƙƙin da yake ɗora wa gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya bambanta bayinSa a fahimta kamar yadda Ya bambanta su a kamanni da harsuna. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a bara, kwanaki kaɗan bayan fitowar sakamakon BEPC, wani dattijo daga cikin masu sallah a masallacinmu ya tsaya bayan La'asar har jama'a suka watse, ɗansa na tsugune a gefe kansa a sunkuye. Ya ce mini: "Liman, ka yi wa yaron nan faɗa. Na ce seri C zai yi don ya zama likita, shi kuwa ya kafe sai A." Na nemi a kawo mini takardun sakamakon yaron na shekara biyu. A lissafi bai taɓa wuce 7 bisa 20 ba, a Faransanci da tarihi kuwa bai taɓa sauka ƙasa da 14 ba. Na tambayi uban ko ya taɓa zuwa lekwal ya gana da malamin lissafi, ya ce bai san ma kamanninsa ba. Wannan zama ne ya sa na ga ya kamata mu duba mas'alar da idon shari'a da na hankali, domin gidaje da yawa suna shiga cikinta kowace damina.

Ga wanda bai san tsarin ba, yaron da ya gama kwaleji ya ci BEPC yana shiga lise, inda zai yi shekara 3 kafin jarrabawar bak. Tun ajin farko, wanda ake kira segond, hanya take rabuwa biyu. Akwai A, wadda nauyinta yake kan harsuna da adabi da tarihi da labarin ƙasa, sannan falsafa. Akwai C ta ilimin kimiyya, wadda a aji na gaba take sake rabuwa: masu ƙarfi a lissafi da fizik su zarce a C, masu karkata ga ilimin halittu da ƙasa su shiga D. Akwai kuma makarantun fasaha, irin lise ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. Kowace seri tana da darussan da makinsu ya fi nauyi a jarrabawa, kuma wanda ya fita da bak A ƙofar karatun likita ko injiniya ba a buɗe take gare shi ba. Saboda haka abin da aka yanke wa yaro yana ɗan shekara 16 yana iya bin sa har furfura.

To, wa ke da haƙƙin yanke wannan hukunci?

Bari mu fara da ba uba gaskiyarsa. Burin a sami likita a gida buri ne mai asali a addini. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a farkon littafinsa Ihya'u Ulumid Din, wato ilimin da in babu mai shi a gari duk mutanen garin sun yi laifi. Har ya koka da yadda ɗaliban zamaninsa suka yi cincirindo a kan fikihu da jayayyar mas'aloli, alhali garuruwan Musulmi ba su da likita daga cikinsu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke daga ƙauye zuwa asibiti cikin dare, ko ya ga matarsa ta ƙi faɗin ciwonta saboda babu likita mace, ya san kukan nan bai tsufa ba.

Sai dai a nan ne mutane suke kuskuren fahimta. Farillar kifaya a wuyan al'umma take, kuma wanda Allah Ya ba ikon ɗaukarta shi ne yake sauke ta. Ba ta zama farilla a kan wani yaro takamaimai don kawai ubansa ya so. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Idan aka tura mai 7 a lissafi zuwa C, abin da ke biyo baya mun sha ganinsa: ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, a sallame shi, ya koma fada yana dafa shayi, yana ganin kansa daƙiƙi alhali ba daƙiƙi ba ne. Al'umma ba ta sami likitan da ake nema ba, ta kuma yi hasarar malamin makaranta ko alƙali ko mai fassara da za ta iya samu. Su ma waɗannan ai farillan kifaya ne. Garin da babu mai rubuta wa talaka ƙararsa da kyau, ko mai koya wa yara karatu, shi ma yana cikin laifi.

Sannan uba ya binciki zuciyarsa, domin ayyuka suna tafiya ne da niyya. Shin buƙatar marasa lafiya ce ta motsa shi, ko kuwa so yake a nuna shi a wurin ɗaurin aure a ce ga uban likita? Ko don ɗan maƙwabci yana D? Ba ni da ikon shiga zuciyar kowa, amma na lura cewa wanda buƙatar jama'a ta dame shi yakan yi murna ko ɗan wani ne ya zama likitan.

Kada yara su ji wannan su ɗauka na ba su takobi. Biyayya ga iyaye wajibi ce a cikin abin da ba saɓo ba, kuma yaron da ya ɗaga wa ubansa murya saboda seri ya yi hasarar da ta fi faɗuwa a bak. Akwai kuma wata cuta da ta yaɗu: yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda malamansa suka shaide shi, ya gudu zuwa A don tsoron wahalar lissafi, ko don abokansa can suka nufa. Irin wannan uba yana da haƙƙin ya tsaya masa, domin lalaci daban, rashin iko daban. Wanda kuma ya ɗauki A a matsayin inuwar hutawa, ranar da aka ba shi awa 4 ya rubuta bayani a kan tambayar falsafa guda zai gane kurensa.

Ina da magana ta musamman ga ƴan madarsa, domin daga cikinsu na fito. Tun da aka buɗe madarsar Sayi a 1957 makarantun Faransanci da Larabci suke yaɗuwa a ƙasar nan, amma har yau wasunmu suna ganin ɗan madarsa ba shi da rabo a kimiyya, kamar lissafi kayan wasu ne. Kalmar aljabar da ake koyarwa a lise daga sunan littafin Alkhawarizmi ta fito, malamin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 3 na Hijira, kuma babban sashe na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Ni kaina na zauna a wurin rabon gado inda malamai suka san hukunci sarai, sumuni na matar mamaci, sudusi na uwa, amma da aka zo daidaita kason a kan gona da shanu sai da aka kira wani ɗan lise. Na ji kunya ranar, kuma kunyar ce ta sa na koma na sake koyon lissafin kaso ina da iyali. Mu tuna kuma cewa Abdu Mumuni, masanin fizik da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma ya ƙarar da shekaru masu yawa yana binciken yadda za a ci amfanin zafin ranar nan da muke kuka da ita.

Idan uba yana da buri, ɗa yana da karkata, wa zai raba gardama? Shaihu Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim da muke karantawa a zaure, ya yi wa ɗalibi nasiha kada ya zaɓi fanni da ra'ayin kansa kaɗai, ya miƙa al'amarin ga malaminsa, domin malami ya jarraba ɗalibai ya san abin da ya dace da ɗabi'ar kowa. Malamin lissafin da ya yi shekara yana gyara takardun yaro ya fi uba sanin ko 7 ɗin nan ta rashin fahimta ce ko ta wasa ce, ko kuwa yaron a bayan aji yake zama ba ya ganin allo. A je a same shi, a same shi da ladabi, a duba makin shekara biyu ko uku, a ji ta bakin yaron a cikin natsuwa ba a gaban baƙi ba, sannan a yi istihara. Istihara bayan bincike da shawara take zuwa, ba ta ɗauke wa mutum wahalar tafiya lekwal.

Yanzu ga inda na fi son mu daɗe. Duk wanda ya zaɓa wa yaro hanya ya ci bashin guzurinta. Uban da ya ce sai D, sannan da an taso daga lekwal ya zaunar da yaro a shago har Isha'i, ko ya riƙe shi a gona har a gama girbin gero alhali an koma aji tun Oktoba, ya ɗaure shi ne ya ce ya yi gudu. In ya faɗi, a gaban Allah ba yaron kaɗai za a tambaya ba.

Guzurin nan ba dukiya mai yawa ba ce. Abu na farko lokaci ne sananne da kowa a gida yake girmamawa, wanda ba a aiken yaro a cikinsa ko da sayen goro ne. Sallolinmu sun riga sun yanka mana yini. Zarnuji ya yabi lokacin asuba da tsakanin Magariba da Isha'i, kuma duk wanda ya yi haddar Alƙur'ani ya san abin da aka ɗauka da sanyin safiya ya fi zama. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake hana tunani da rana kuma jarrabawa ta ƙarato, awa guda bayan sallar Asuba ta fi uku na tsakar rana. Ya kuma ba da tsarin bita: darasin jiya a maimaita shi sau 5, na shekaranjiya sau 4, haka har zuwa sau 1. Ban ce a bi adadin kamar tasbihi ba, amma hikimar a fili take: karatun da aka bari ya taru sai daren jarrabawa ba ya zama.

Sai dai kowane fanni da irin bitarsa, kuma a nan ƴan allo da ƴan madarsa suke tuntuɓe. Mun saba da hadda, hadda kuma ni'ima ce, amma lissafi da fizik ba sa shiga ta nan. Yaro ya rufe littafi, ya ɗauki alli, ya warware aikin da hannunsa, ya kuskure, ya gano inda ya kuskure. Guntun katako da aka shafa wa baƙin fenti aka jingina a bangon zaure ya fi wa ɗan C da D amfani a kan sabuwar riga ta sallah. Ɗan A kuwa abincinsa karatu ne mai yawa da rubutu, ya rubuta shafi ya kai wa malami ya gyara. Haɗuwar yara uku ko huɗu su yi aiki tare tana da kyau matuƙar an san su kuma an san inda suke. In sun kai goma, an ɗora butar shayi, ta zama hira.

Sai haske. Muna ganin ƴaƴanmu da dare a ƙarƙashin fitilun titi da littafi a hannu, muna yaba himmarsu, kuma sun cancanci yabo. Amma ƴa mace ba za ta iya fita can ba. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ba ta kai kuɗin katin waya da wasunmu suke sawa a wata ba. Wayar kanta kuwa, in ba aikin lekwal za a duba a ciki ba, ta kwana a hannun uwa a lokacin karatu. Na san yara za su ce darussa suna zuwa ta WhatsApp, kuma wani lokaci gaskiya ne. To, a kwafe darasin a takarda a mayar da wayar.

Game da ƴaƴa mata, ina roƙon iyaye su yi adalci. Yarinya da yayanta suna aji ɗaya, jarrabawa ɗaya za su zauna, mai gyara takarda ba zai rage mata tambaya ba don ita ce ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙane. Shi ya dawo ya tarar da tuwo ya buɗe littafi, ita sai ƙarfe goma take samun zama, ido ya yi nauyi. Sannan mu ce mata ba sa iya lissafi, gobe kuma mu je asibiti muna neman likita mace. Aikin gida tarbiyya ce kuma ba na cewa a ɗauke mata shi duka. A raba shi, samari su ɗauki jarka, a bar mata awanninta kamar yadda aka bar wa namiji. Wannan magana ta fi shafar iyaye mata, don haka maza ku karanta musu ita in kun koma gida.

Wani zai ce: ni ban yi lekwal ba, yaya zan bi karatun da ban sani ba? Iyayenmu da yawa ba su yi tilawa mai nisa ba, amma sun san ranar da aka wanke allo da ranar da ba a wanke ba. Kana iya cewa a buɗe maka littafin rubutu ka ga ko akwai kwanan watan yau. Kana iya cewa ya bayyana maka da Hausa abin da aka koya musu, domin wanda ya fahimci abu yana iya faɗinsa da harshen uwarsa. Kana iya sanin cewa 10 ita ce rabin 20. Kana iya zuwa lekwal sau ɗaya kowane zango, ba sai ranar da aka kira ka don laifi ba.

Dattijon nan da na fara da labarinsa bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya ce: "Liman, na kawo maka ƙara ka koma bayan yaro." Na ce: "Alhaji, mu je tare mu ga malaminsa, abin da ya faɗa ni da kai mu ɗauka." Muka je. Malamin ya ce yaron yana da ƙoƙari, amma tushensa a lissafi ya rushe tun ajin farko na kwaleji, kuma bai ga alamar zai tashi a C ba. Sai ya ƙara da abin da ba mu zo nema ba: ƙanwar yaron, wadda take aji biyu a bayansa, ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu, sai dai kusan kullum a makare take zuwa, kuma ranar kasuwa ba a ganinta sam. Alhaji ya yi shiru har muka fito bakin ƙofa, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da fitilar nan mai aiki da rana.