Abokin Kuka da Abokin Dariya

Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. To, ni kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, a ganina abokin dariya ya fi shi wuyar samu, kuma a kansa nake son mu ɗan tattauna.

Da farko dai, farin ciki kaya ne, har ma wani lokaci yakan fi ƙarfin mai ɗauka. Sau nawa muka ga an kafe sakamakon jarrabawa, wani ya hango sunansa, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa, ya durƙusa yana kuka kamar wanda aka aiko wa rasuwa? Wannan ba ragwanci ba ne. A 2016 wasu likitoci a Zurich suka bincika mutum 485 waɗanda motsin rai ya jawo wa wani ciwon zuciya mai suna takotsubo, suka tarar 20 daga cikinsu abin murna ne ya kayar da su, kamar biki ko haihuwar jika. Ina jin kakanninmu sun hango wannan tun tuni. Shi ya sa mai kawo labari ba ya faɗa kai tsaye. Sai ya ce, "Albishirinka!" ka ce, "Goro!" ya ce, "Fari ko ja?" Kafin a gama wannan ja-in-ja, zuciya ta kimtsa.

Dubi labarin Ka'abu ɗan Maliku. Bayan yaƙin Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, aka ƙaurace masa kwana 50 a Madina, ko sallamarsa ba a amsawa. Ran da aka karɓi tubansa, wani ya hau dutse ya ƙwala masa bushara, ya faɗi ya yi sujada. Ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba da tukwici, alhali ba shi da wasu, sai aro ya yi. Da ya shiga masallaci, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya taso da sassarfa ya ba shi hannu, Ka'abu kuwa bai taɓa manta masa wannan ba. Har ya so ya sadaukar da dukiyarsa duka, sai Annabi (SAW) ya ce ya riƙe wani abu. Wato mai murna yana bukatar wanda zai taso masa, yana kuma bukatar wanda zai riƙe masa hannu kada ya zubar da komai.

To, ina wuyar take? Jaje ba ya cin ka komai, domin wanda kake yi wa yana ƙasa da kai a ranar, har maƙiyi ma yakan zo gaisuwa. Barka kuwa sai ka kayar da hassadarka tukuna. A ce ku biyu ɗaki ɗaya, fitila ɗaya kuka yi karatu da ita, shi ya ci, kai ka faɗi. Wasu za su ce murnarka munafunci ce, tunda ciki na tafasa. Ban yarda ba. Zafin da ya zo maka ba kai ka kira shi ba, amma ƙafa taka ce, kai ne za ka zaɓi ta je ko ta noƙe. Shi ma wanda ya ci, ya kamata ya rage guɗa a ɗakin, ya fita waje ya yi ta, sa'an nan da dare ya dawo ya tambayi ɗan'uwansa wace takarda ce ta kayar da shi.