Yaro a Tsakiyar Malamai: Koyar da Bangaskiya a Makarantar Samari



A cikin Bisharar Luka, sura 2, aya 41 zuwa 52, mun karanta yadda Yesu, yana ɗan shekara 12, ya ɓace wa Maryamu da Yusufu bayan Idin Ƙetarewa. Sai da suka kwana uku suna cigiya kafin su iske shi a Haikali cikin malamai, yana kasa kunne, yana kuma jefa musu tambayoyi. Kusan a wannan shekara ce 'ya'yanmu maza suke ɗaukar akwati su shiga sakandare. Saboda haka karatun nan ya shafi kowane uba da uwa, da mu da aka ɗora wa nauyin koyar da addini a makarantar samari ta Katolika a nan kudancin Kogin Kaduna.

Wata rana muna cikin darasi a aji biyar, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Fada, in Allah yana ƙaunarmu, don me ya bari aka kashe Michael Nnadi?" Ajin ya yi tsit. Dukanmu mun san labarin. A daren 8 ga Janairu, 2020, 'yan bindiga suka shiga babbar seminari ta Good Shepherd a kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, amma Michael, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Yaron da ya yi tambayar bai kai shekarunsa ba, kuma kan wannan hanya yake bi in zai je gida hutu.

Da mun ga dama, da mun daka masa tsawa mu ce ba a tambayar Allah. Da mun yi haka, da ya rufe bakinsa, ya rufe zuciyarsa tare. Sai muka ajiye darasin ranar, muka bi tambayar a hankali. Muka nuna cewa Allah bai halicci mugunta ba. Ya ba mutum 'yancin zaɓi, mutum kuwa yakan ɗauki wannan kyauta ya cuci ɗan'uwansa. Muka nuna cewa Allah bai tsaya daga nesa yana kallon wahalarmu ba, gama Ɗansa ma an kama shi da dare, an kashe shi ba da laifi ba. Muka kai ga tashinsa daga matattu, wanda shi ne dalilin da ya sa ba mu ce kabari ne ƙarshen Michael ba. Ba mu share wa yaron dukan hawayensa ba, amma ya fita da sanin cewa Ikilisiya ba ta gudun tambayarsa.

Wannan shi ne ilimin tauhidi: mai bi yana amfani da hankalin da Allah ya ba shi domin ya fahimci abin da ya gaskata. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Saurayin da ba a amsa masa a aji ba zai nemi amsa a wayar hannunsa, ko a bakin masu wa'azin arziki dare ɗaya, ko wurin abokan shaye-shaye.

Me muke koyarwa? Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, ya kasu kashi huɗu: abin da muka gaskata, sakramenti bakwai, rayuwa bisa dokoki goma, da addu'a. Biyu na farko ana iya rubuta su a allo. Biyu na ƙarshe sai an gani a jikin malami. Yaro yana iya cin darasin addinin Kirista a jarrabawar WAEC da maki mai kyau, alhali da satar amsa ya ci. Irin wannan ya san doka ta bakwai da ta takwas a baki, amma ba su sauka zuciyarsa ba. Don haka Misa ta safe, da furta zunubi, da rosari na yamma, da yadda babban ɗalibi yake riƙe ƙaramin da ke ƙarƙashinsa a ɗakin kwana, duk cikin darasin suke.

Mu tuna da tarihinmu. A 1949 Fadoji na ƙungiyar SMA suka buɗe kwalejin St. John's domin samari a nan Kaduna. Sistoci na OLA kuma suna riƙe da Queen of Apostles a Kakuri domin 'yan mata. A 1972 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, St. John's ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina College. Gine-gine sun fita hannunmu, amma dattawan da suka yi karatu a can sun ci gaba da tsayawa a majami'unmu, suna karanta Maganar Allah, suna shugabantar kwamitoci. Abin da aka shuka a zuciyarsu ba a iya karɓe shi da takardar doka. Wannan ya isa ya koya mana inda ya kamata mu zuba ƙarfinmu.

Akwai kuma wani nauyi da ya rataya a wuyanmu musamman. Tun rikicin 2000 da na 2002, kogin nan ya zama kamar iyaka a garinmu. Da yawa daga yaranmu na Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi sun girma ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da Musulmi ba. Majalisar Vatican ta Biyu, a takardarta Nostra Aetate ta 1965, ta koyar da cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma yi kira a yi aiki tare domin adalci da salama. In yaro ya gama makarantarmu ya iya kare bangaskiyarsa, amma yana ƙin maƙwabcinsa na Tudun Wada, to, mun koya masa rabin Bishara ne kawai. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari, sura 3, ya haɗa ba da amsa da tawali'u wuri ɗaya.

Yanzu gare ku, iyaye. Wannan majalisa, a takardarta a kan ilimi ta 1965, ta ce iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Mun san halin da ake ciki. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, gidaje da yawa da ƙyar suke haɗa kuɗin makaranta. Duk da haka, in takardar sakamako ta zo, kada idonku ya tsaya a kan lissafi da Turanci kaɗai. Ku tambayi yaro abin da ya koya game da Allah. In ya dawo hutu, ya tarar ana addu'a a gida, ya ga mahaifinsa ya durƙusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku iyayenmu mata na Zumunta, waɗanda 'ya'yanku suka ja baya, ku tuna da Monika. Ɗanta Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ya yi shekaru yana yawo da tambayoyinsa cikin koyarwa iri-iri, ita kuwa ba ta fasa addu'a ba, har aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387 ta hannun Bishop Ambrose, wanda wa'azinsa ya warware masa abin da ya daɗe yana damunsa. Uwa mai addu'a da malami mai haƙuri, Allah ya yi aiki da su biyun.

Ku kuma samari, ku yi ta tambaya, amma ku zauna ku saurari amsa. Bayan Haikali, Yesu ya bi iyayensa zuwa Nazarat, ya yi musu biyayya.

Bari Ruhu Mai Tsarki ya ba malamanmu hikima, ya tsare 'ya'yanmu a makaranta da kan hanya, ya ba Michael da dukan waɗanda suka riga mu hutawa ta har abada. Maryamu Uwar Allah ta yi addu'a dominmu. Amin.