Ciwo a Baƙuwar Ƙasa

Da yawa cikin 'ya'yanmu suna Italiya ba takardun zama. In ciwo ya kama su, sai su ƙunshe a ɗaki don tsoron kamu, suna ta addu'a. Addu'a tana da kyau, amma ɓoye ciwo ba bangaskiya ba ne. Ku sanar da su cewa tun 1998 dokar ƙasar ta ba baƙo marar takarda jinyar gaggawa, ta kuma hana asibiti kai ƙararsa saboda rashin takarda. Lambar neman agaji 112 ce. Ko mutumin da Basamariye ya tsinta a hanyar Yariko, sai da aka ɗaure masa raunuka. Su je asibiti, a kuma kira Fada ya shafa musu mai mai tsarki.