Yaro Da Wasa Yake Kai Ƙara: Nasiha Ga Mutanen Njamena

Ya ku iyaye da malamai da masu unguwanni na birnin Njamena, akwai majinyata a gidajenmu waɗanda ba a taɓa kai su asibiti ba, domin ciwonsu ba ya fitar da jini. Ku lissafa abin da garin nan ya gani. A Fabrairun 2008 yaƙi ya shigo tsakiyar gari, dubban mutane suka tsallaka zuwa Kuseri da goyo a baya. A 2015 bama-bamai sun tashi a hedikwatar 'yan sanda cikin Yuni, sannan a babbar kasuwa cikin Yuli. A Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon suka cika suka batse, suka cinye gidaje a Waliya da kewayenta. A daren 18 ga Yunin 2024 rumbun makamai na Guji ya kama da wuta, unguwanni suka kwana cikin ƙarar fashe-fashe. Babba idan ya ga irin wannan sai ya je majalisa ya ba da labari, a yi masa jaje, zuciyarsa ta yi sauƙi. Yaron da ya kwana a ƙarƙashin gado yana rawar jiki, wa ya zaunar da shi ya ji ta bakinsa?

Amsar da muka saba bayarwa ita ce: yaro ne, zai manta. Da mantuwa tana warkarwa, da ba mu ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi ba, ko yarinyar da take firgita da ihu cikin barci, ko saurayin da ya daina magana a gida ya koma shan ƙwaya a bayan gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kuma a ƙiyasinta na 2019, mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici yana fama da irin wannan larura. Mu kuwa sai mu kira abin taurin kai, mu ɗauko bulala. Muna yawan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mun manta cewa tsoro ma yana tanƙwara ɗanyen icce, kuma yadda ya tanƙwaru haka zai bushe.

Ƙaramin yaro ba shi da kalmomin da zai ce zuciyata ta karye. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, hannunsa ne yake nunawa. A kan wannan aka gina jinya ta hanyar wasa, wadda Ba'amurkiya Virginia Axline ta tsara ƙa'idojinta a littafinta na 1947. Ana ba yaro 'yar tsana da yashi da laka da takardar zane, wanda aka horar ya zauna kusa da shi, ba tsawa, ba gyara, sai dai ya riƙa ambata masa abin da ya lura, kamar ya ce na ga mutumin nan naka ya tsorata. Yaro zai gina gida ya rushe shi da ruwa, ya sake ginawa, mako bayan mako, har ranar da zai kawo kwalekwale ya ceci mutanen gidan. A wasan shi ne mai iko da abin da ya fi ƙarfinsa a zahiri, ta haka tsoron yake sakin sa. An ga misalin wannan a ƙasarmu. Bayan harin Baga na Janairun 2015, yaran da suka tsero zuwa sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, da ma'aikatan UNICEF suka ba su takarda da fensir, sai suka zana bindigogi da gidaje suna ci da wuta da mutane a cikin ruwa.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, mu addu'a ta ishe mu. Tatsuniyar da kaka take yi da dare, inda Dodo yake bin yarinya har ta kuɓuta, mene ne aikinta in ba koya wa yaro kallon abin tsoro yana jingine da cinyar wanda ya amince da shi ba? Gaɗa a dandali da langa da wasan 'yar tsana duk gadonmu ne, mu ne muka sake su muka miƙa wa yara waya. Addini ma yana tare da mu a nan. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da damuwar ƙaramin yaro Abu Umair da tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya yi masa magana mai daɗi, kuma bai hana Nana A'isha wasa da 'yan tsananta ba. Mai zazzaɓin cizon sauro ana yi masa addu'a kuma a ba shi magani. Ciwon zuciyar yaro ma haka yake. Abin da ya kamata mu guje wa shi ne ɗora komai a kan aljanu har a kai ga ɗaure yaro ko dukansa da sunan magani.

Wani kuma zai ce wanda bai samu na tuwo ba ina shi ina likitan wasa, ga shi ƙwararrun ma ƙalilan ne a Chadi. Gaskiya ne, amma matakin farko ba ya cin ko sisi. Laka tana nan, gawayi yana nan. Uba ya ware ɗan lokaci ya zauna a tabarma ya bar ɗansa ya ja ragamar wasa. Uwa idan ta ga zanen da ya tayar mata da hankali kada ta yage shi, ta ce ba ni labarinsa. Matashi kuwa, wanda kunya take hana shi buɗe ciki ga mahaifinsa, a haɗa shi da kawu ko gwaggo mai riƙon amana, wanda zai saurara kafin ya yi faɗa. Idan yaro ya daina ci, ko ya yi maganar kashe kansa, ko aka ga alamar an ci zarafinsa, to abin ya wuce na gida. A garzaya asibitin unguwa ko Asibitin Uwa da Yaro a nemi a nuna inda za a dosa. Tsoron kada a ce ɗanka ya haukace bai kai asarar ɗan ba, kuma mai ba da shawara na gaskiya ba ya fitar da asirin gida.

Nauyin nan na kowa ne. Limamai da fastoci su ambace shi a kan mumbari. Malaman allo su tuna cewa almajirin da ke nesa da uwarsa ya fi kowa buƙatar mai sauraro. Masu unguwanni su tsare filayen wasa daga masu yanka filoti. Hukuma ta horar da malaman firamare da ma'aikatan jinya su gane alamomin nan. Yaran da aka goya zuwa Kuseri a 2008 yau sun zama samari da 'yan mata, wasu har da nasu goyon, kuma abin da aka bar musu a zuciya shi za su shayar. Allah Ya ba mu kunnen sauraron ƙananan cikinmu, Ya sanyaya zukatansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.