Ƙaddara da Lamuni a kan Ɗan da Magani Ya Naƙasa a Ciki

Idan aka haifi jariri da naƙasa a N'Guelbély ko a ƙauyukan bakin Komadugu, a jihar Diffa ta Nijar, abin da masu zuwa barka suka fi faɗa shi ne haka Allah ya so, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai maganar takan rufe tambayar da fiƙihu bai yarda a rufe ba, wato ko da hannun mutum a cikin sababin, kuma wa zai ɗauki nauyin yaron.

Magani na iya zama sababin. Maganin thalidomide, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fara sayarwa a 1957, kuma masu ciki suka riƙa sha don laulayi da rashin barci, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannaye da ƙafafu ko wata naƙasar kafin a janye shi a 1961, kamfanin kuwa bai nemi gafara ba sai a 2012. Wanda ya fi kusa da Nijar shi ne valproate, maganin farfaɗiya da aka sani da Dépakine, wanda kusan ɗaya cikin goma na 'ya'yan masu shansa da ciki kan zo da naƙasar jiki, har Faransa ta kafa tsarin biyan diyya saboda shi. Mai farfaɗiya dai ba ta daina magani da kanta, domin faɗuwa ma haɗari ce gare ta da ɗan, likita ke canza mata.

Malaman Sunna sun bambanta ƙaddara, wadda ita ce ilimin Allah da hukuncinsa, da lamuni, wato wajibcin biyan ɓarnar da mutum ya jawo, kuma imani da ta farko bai taɓa sauke na biyu ba, in ba haka ba da babu babin diyya a littattafan Malikiyya. Wanda ya ba da magani ba tare da sani ba mai lamuni ne, ƙwararren da ya yi kuskure kuwa aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, ke taya shi biya, hikimar kuwa ita ce kada asarar ta tsaya kan wanda aka cuta. Uwar da ta sha abin da aka ba ta cikin rashin sani ba ta da zunubi, ko da yake ita dangin miji suka fi nuna wa yatsa, wanda zalunci ne da aka lulluɓe da addini.

Matsalar Diffa ita ce mai lamunin ba ya kamuwa. Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Diffa da Bosso jama'a suka warwatsu, wasu gidajen likita suka rufe, ƙwayar da mai talla ya sayar a kasuwa kuma ba ta da takardar da za a bi. A nan hukunci ke komawa farillar kifaya, aikin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kuwa duka sun yi laifi. Sadakar bara ba ta sauke shi, domin yaron na buƙatar gashin ƙashi, da keken guragu, da gurbi a makaranta, da sana'a, kuma zakka na iya ɗaukar wannan idan iyayen matalauta ne. Hukuma ma ba ta fita ba, tunda Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Ya kamata limaman yankin Diffa su faɗi wannan hukunci a huɗubar Juma'a, su kuma umarci mazaje da kai matansu awon ciki kafin su sha kowace ƙwaya.