Kofin Hunturu da Waɗanda Ba Su Ga Na Gaba Ba

Mu nan ba mu da dusar ƙanƙara, don haka wasannin da ake yi a kanta ba su cika shiga hirarmu ba. Ko a 2018, da su Seun Adigun suka je PyeongChang ta Koriya ta Kudu, karon farko da Najeriya ta shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi, a labarai kawai muka ji. Gasar sanyinmu ita ce ta cin kofin ƙasashen Afirka, wadda galibi takan faɗo a Janairu da Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Dutsen Aso, leɓe ya tsattsage, teburin mai shayi ya cika tun kafin magariba.

Duk sa'ad da aka ambaci ta 2013, Yayana ne ke fara faɗo mini a rai. A Kasuwar Wuse yake da shago, a Nyanya yake kwana, kuma duk cunkoson hanyar nan ba ya hana shi isowa gidan kallo kafin a take wasa. Da muka yi kunnen doki da Burkina Faso, muka sake yi da Zambiya, jama'a suka yi ta zagin koci Stephen Keshi, wai ya bar manya ya kwaso 'yan wasan gida. Yaya cewa kawai yake yi, "Ku yi haƙuri, mutumin nan ya san abin da yake yi." Ranar 3 ga Fabrairu muka fitar da Kwaddibuwa, da su Drogba da komai, da ci 2-1. Muka lallasa Mali da 4-1, har Ahmed Musa, yaron da muka sani tun yana Kano Pillars, ya jefa tasa. Ranar Lahadi 10 ga Fabrairu, a Johannesburg, Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso, kofin ya dawo gida bayan shekara 19. Daren nan babu wanda ya ji sanyi a Nyanya.

Amma abin da ya fi zama mini a zuciya ba ihun ba ne. In aka kira salla wasa na tsaka da zafi, Yaya kan taɓa kafaɗata ya ce, "Tashi mu je, ƙwallon da aka ci za a maimaita ta gobe." Ina binsa ne ina waiwayen talabijin. Shi ko waiwaye ba ya yi.

Bai ga wata gasar ba. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, muna cewa maleriya ce, zai tashi. Aka sallace shi, muka kai shi makabartar Gudu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ba shi kaɗai ba ne. Keshi, wanda ya ɗaga kofin yana kyaftin a Tunisiya a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci, ya mutu a birnin Benin a watan Yuni na 2016 yana da shekara 54. Ana cikin jimaminsa, mako bai cika ba, Shuaibu Amodu, wanda ya sha riƙe Super Eagles, shi ma ya cika a wannan gari. Rashidi Yekini kuwa tun 2012 ya riga su. Duba hoton 'yan wasan 1994 ka gani: Uche Okafor, Thompson Oliha, Wilfred Agbonavbare, Peter Rufai, duk sun tafi. Waɗannan fa mutane ne da likitoci ke auna bugun zuciyarsu, ƙarfinsu ne sana'arsu. A 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas, ana tsakiyar karawa da Angola, yana ɗan shekara 25. Mai kallo ma bai tsira ba: daren 7 ga Fabrairun 2024, da muka kara da Afirka ta Kudu har aka kai ga bugun fanareti, jaridu sun ruwaito mutuwar 'yan Najeriya a gaban talabijin, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai Cairo Ojougboh. Sun zauna kallon wasan kusa da na ƙarshe, ba su ga na ƙarshen ba.

A ƙwallo, in minti 90 ya cika, akan ɗaga allo a nuna wa kowa mintin da ya rage. Mu babu mai ɗaga mana allo. Ba ina cewa kallon ƙwallo laifi ba ne; ni ma har gobe ina kallo, kuma zaman da na yi da Yaya a kan bencin nan yana cikin abin da nake gode wa Allah a kansa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka haddace jadawalin gasa har na shekaru masu zuwa, muna cewa "a ta gaba za mu rama", kamar an ba mu takardar shaida cewa muna nan. Mutum ya san ranar wasan ƙarshe, amma bai san yaushe rabonsa da leƙa gyatumarsa ba. Bashi na wuyansa, gaba da ɗan'uwa ta shekara, ramuwar azumi na jira, duk an ɗage su sai "in an samu lokaci".

Ɗan'uwa mai karatu, kai ma kana da wanda kuka yi ihun ƙwallon Mba tare, yau babu shi. Ka yi masa addu'a, ka leƙa marayun da ya bari. Wanda kuma yake raye kuna gaba, kada ka jira hunturu mai zuwa ya haɗa ku a gidan kallo. Ka neme shi yau ku yafi juna. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.